Ranar da Kafasita Ya Kunyata Ni a Gaban Hajiya

A daren wata Talata cikin watan Afrilun bara, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, shirun da gidan ya yi ne ya tashe ni. Fankar ɗaki ta tsaya, gurnanin firji da kunne ya saba da shi ya ɗauke. An kwana biyu ba a kawo wuta unguwarmu ba, amma hakan bai taɓa damuna ba, domin shekara uku ke nan da na haɗa sola da batura da inbata, har ina yi wa abokai kurin cewa ni na yi ban kwana da duhu. Na ɗauki tocila na nufi ɗan siton da ke bayan kicin. Batura a cike suke. Inbatar ce ta mutu, babu hayaƙi, babu ƙara, sai wani ɗan ƙarni mai kama da na kifin da ya kwana.

Zafin daren mai sauƙi ne a kan abin da ya faɗo mini a rai. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, tana fama da ciwon sukari, kuma allurarta ta insulin ta wata uku tana cikin wannan firjin. Kwalbar da ba a buɗe ba ana so ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, ga shi kuma a Kano a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 da rana. Da na dawo daga masallaci da asuba sai na tarar Hajiya ta riga ni. Ta sa jikarta ta jiƙa yashin gindin randa, ta ƙulle kwalaben a leda ta tusa su ciki. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ashe wutar Dakta ma tana mutuwa?" Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta buƙatar ƙarawa.

Abin da ya sa maganar ta shige ni shi ne, darasin da nake koya wa ɗalibai 'yan aji huɗu a jami'a shi ne yadda ake ƙiyasta tsawon rayuwar kayan lantarki, kuma a wannan fannin na yi digirina na uku. Wata biyu kafin wannan dare rediyon falo ya fara wani gunji a ƙarƙashin muryar mai labarai. Sau uku ko huɗu inbatar ta katse a daidai lokacin da injin firji ke tashi, sannan ta dawo da kanta. Na ɗora wa batura laifi na ci gaba da harkokina. Da ɗalibi ne ya kawo mini waɗannan alamu a takardar jarrabawa ya kasa faɗin abin da suke nufi, da na rage masa maki. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Da hantsi na kai kwalaben firjin wani maƙwabci mai kantin magani, na saɓi inbatar zuwa rumfar wani dattijo a kasuwa wanda ya fara gyara tun zamanin rediyo mai kaset. Ya kwance murfin, ya hure ƙurar hunturu uku da ta yi kafet a ciki, ya nuna mini da bakin sukundireba. "Dakta, ga su nan, sun yi ciki." Wasu gwangwanaye huɗu ne masu kaurin babban yatsa, kawunansu da ya kamata su kasance a shafe sun kumbura, ɗaya ma ya tsage ya zubar da wani abu ruwan ƙasa da ya bushe a kan fanel. Ya tambaye ni inda nake ajiye ta. Na ce a sito. Ya ce mai rufin kwano? Na ce eh. Ya ce da taga? Na yi shiru. Ya yi dariya ya ce, "To ai kai ka dafa su da hannunka."

Waɗannan gwangwanaye su ne kafasitoci, waɗanda wasu masu gyara ke kira kwandansa. Babu wata na'urar lantarki a gidan mai karatu da ba ta da su, daga cajar waya zuwa talabijin da kwamfuta da injin awon jini na asibiti. Aikin kafasita kamar na tankin ruwa ne a gidan da famfo ke zuwa yana yankewa: yana tara caji idan wuta ta yi yawa, ya saki idan ta ja baya, don abin da ke gaba ya samu wuta mai gudana lami lafiya. Asalinsa tsoho ne. A tsakanin 1745 da 1746 wani malamin coci Bajamushe, Ewald von Kleist, da wani farfesa a garin Leiden na ƙasar Holan, Pieter van Musschenbroek, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano cewa ana iya adana caji a cikin kwalba mai ruwa. Irin da ya mutu a inbatata jikan wannan kwalba ne. Idan aka farke shi za a ga falle biyu na alminiyam da takarda a tsakaninsu, an naɗe su kamar tabarma, an jiƙa takardar da wani ruwan sinadari, an cusa cikin gwangwani, an toshe gindin da roba. A jikin ɗaya fallen akwai wata siririyar tsatsa da aka yi da gangan, wadda ta fi gashin kai siranta sau ɗari ko fiye, ita ce ke raba caji da caji. Ruwan sinadarin shi ke isar da wuta zuwa kowane lungu na wannan tsatsa, shi ke kuma ɗinke ta idan ta samu rauni.

A nan tsufan yake. Robar da aka toshe gindin da ita ba ta hana tururi fita gaba ɗaya, don haka tun ranar da aka ƙera shi ruwan ke tsiyayewa kaɗan-kaɗan, kamar yadda randa ke rage ruwa ko ba a sha ba. Yayin da takardar ke bushewa abubuwa biyu ke faruwa. Yawan cajin da zai iya riƙewa yana raguwa, sannan turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a cikinsa tana ƙaruwa. Wannan turjiya ta ciki ita injiniyoyi ke taƙaita sunanta da haruffa uku, ESR. Mugun abin shi ne wutar da ke kai-komo a cikin kafasita tana haifar da zafi gwargwadon turjiyar. Bushewa ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi, zafi ya ƙara bushewa. Shi ya sa tsufansa ke tafiya a hankali shekara da shekaru, sannan a 'yan watannin ƙarshe ya zabura. Idan iska ta taru a ciki, kan gwangwanin ya kumbura. Zanen da ake gani a kansa mai kama da harafin K ko alamar tarawa an yi shi ne don ya tsage ta nan a hankali maimakon ya fashe kamar bindiga.

Tambayar da fanninmu ya ginu a kanta ita ce: za a iya sanin lokacin tun kafin ya zo? Amsar farko ta fito ne daga wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, wanda a 1889 ya tsara lissafin yadda zafi ke hanzarta haɗuwar sinadarai, ya kuma samu kyautar Nobel a 1903. Daga lissafinsa masu ƙera kafasita suka fitar da wata ƙa'ida da ko ɗan sakandare zai iya riƙewa: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar kafasita biyu, duk ragin digiri 10 kuma yana ninka ta. A jikin kowane gwangwani ana rubuta iyakar zafin da zai jure, galibi 85 ko 105, a takardar bayanansa kuma ana faɗin awoyin da zai yi a wannan zafin, kamar 1,000 ko 2,000 ko 5,000.

Nawa na 105 ne, masu awa 2,000. Bisa ƙa'idar, a digiri 95 za su yi awa 4,000, a 85 su yi 8,000, a 75 su yi 16,000, a 65 su yi 32,000, a 55 kuma 64,000. Shekara guda awa 8,760 ce. Ke nan a 75 ba za su cika shekara biyu ba, a 65 za su haura uku da rabi, a 55 su wuce bakwai. Bayan Baba ya sauya su, na mayar da inbatar siton na mako guda da gangan, na liƙa ma'aunin zafi a jikin ɗaya daga cikinsu. Iskar ɗakin da la'asar tana kai 46, jikin gwangwanin kuwa yana yawo a kusa da 75, saboda yana maƙwabtaka da ƙarfen da ke shan zafin na'urar, ga kuma nasa na ciki. Sai na zauna da bayan ambulan. Na ba wa watanni uku na bazara 75, na ƙaddara wa watanni shida na damina da kaka 65, na bar wa watanni uku na hunturu 55. Bazara ta cinye kusan kashi 14 cikin ɗari na rayuwarsa a kowace shekara, watanni shidan tsakiya suka cinye wani 14, hunturu ya ci 3 da ɗoriya. Jimla kashi 31 a shekara, wato shekara uku da 'yan watanni. A shekara uku cif suka mutu. Lissafin bai ɗauke ni minti goma ba, kuma duk abin da nake buƙata don yin sa yana hannuna tun ranar da na sayi inbatar.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kullum haka lissafin ke faɗawa daidai. Wannan karon sa'a ta taimaka, kuma zan zama maƙaryaci idan na ɓoye hakan. Ƙa'idar digiri goma tana magana ne a kan taro. Idan aka kunna kafasita dubu a zafi ɗaya, wasu za su riga wasu, lissafin yana faɗin inda akasarinsu za su gaji ne kawai. Wani ɗan Suwidin ɗin, Waloddi Weibull, shi ya shahara da tsarin da ake auna wannan bambanci da shi, musamman bayan maƙalarsa ta 1951. Idan aka zana yawan mutuwar na'urori a kan shekarunsu, zanen kan fito kamar kwatarniya, baki biyu a sama, tsakiya a kwance. A farko masu aibin ƙira ke mutuwa da wuri, sai a shiga dogon lokaci na kwanciyar hankali, sannan tsufa ya zo mutuwa ta sake hawa. Su kansu kamfanonin ba sa yarda a ja lissafin ya wuce shekara 15, komai sanyin wurin, domin robar ma tana tsufa da kanta. A wurinmu kuwa tsakiyar kwatarniyar ba ta kwanta ba. Wutar da ke zuwa da ƙarfi fiye da kima, da janareto mai tangal-tangal, da tsawar damina, kowannensu na iya huda tsatsar nan a cikin ƙiftawar ido, ko da kafasitan jiya aka saka shi. Arrhenius bai yi alkawarin komai a kan wannan ba.

Akwai kuma abin da lissafin ya dogara a kansa ba tare da ya faɗa ba, wato gaskiyar wanda ya ƙera. Daga wajen 1999 zuwa 2007 duniyar kwamfuta ta sha fama da abin da aka yi wa laƙabi da annobar kafasita. Miliyoyin kafasitoci, akasari daga wasu masana'antun Taiwan, suka riƙa kumbura cikin shekara ɗaya zuwa uku a wuraren da ya kamata su daɗe. Bincike ya nuna cewa ruwan sinadarinsu ba shi da abin da ke hana ruwa cin alminiyam, sai iskar haidirojin ta riƙa taruwa a ciki. Rahotannin lokacin sun danganta abin da wani sirrin haɗi da aka ce an sato daga Japan ba a kwafe shi duka ba. A wannan zamanin ne, a 2005, kamfanin Dell ya ware kusan dala miliyan 300 don sauya fanel na kwamfutocinsa samfurin OptiPlex da kafasitocinsu suka lalace. Rubutun da ke jikin gwangwanayen bai canza ba, abin da ke cikinsu ne ya saɓa wa rubutun.

Baba ya nuna mini namu salon annobar. Ya ciro wani kafasita daga aljihun teburinsa, sabo fil, da suna mai daraja a jikinsa, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ɗora wani mai girmansa a ɗaya hannun. Na farkon bai kai rabin nauyin na biyun ba. Ya sa filaya ya farke shi, sai ga wani ɗan mitsitsin kafasita a ciki an haɗa da waya, sauran duk iska. Ya ce, "Wannan ake kawo mana da araha, kuma shi mai kaya ke so idan ya ji kuɗin na gaske." Araha ba ta ado, amma a nan har kisa tana iya yi.

Tun da lissafi kaɗai bai isa ba, sai masana suka koma ga abin da likita ke yi, wato auna majiyyaci lokaci-lokaci. An yi ittifaƙi a fannin cewa kafasita irin wannan ya gama aiki idan cajin da yake riƙewa ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, ko turjiyarsa ta ciki ta ninka. Duka biyun ana auna su da ɗan mita da ke shiga aljihu. Muhimmancin awon shi ne ba kowane mai mutuwa ke yin ciki ba, da yawa bushewa suke yi shiru, kansu a shafe kamar lafiyayyu. Idan aka auna yau, aka sake bayan wata shida, aka sake bayan shekara, za a ga hanyar da turjiyar ta ɗauka, a kuma ƙiyasta lokacin da za ta kai iyaka. Masu bincike a cibiyar Ames ta hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, sun yi aiki a kan haka: suna tsufar da kafasitoci da gangan ta hanyar matsa musu da zafi ko wuta, suna bin sawun lalacewarsu, suna gina lissafin da ke gyara hasashensa duk lokacin da sabon awo ya shigo. A yau akwai na'urorin sarrafa injunan masana'antu da ke ƙirga zafi da awoyin aikinsu da kansu, su kunna gargaɗi idan kafasitocinsu sun kusa gajiya.

Da na ba ɗalibaina wannan labari, wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, faɗin ranar mutuwar abu tun bai mutu ba, wannan bai yi kama da duba ba?" Aji ya yi dariya, amma na ɗauki tambayar da muhimmanci. Na ce masa manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanyarsa bai yi da'awar sanin gaibu ba, alama ya karanta, kuma ya san hadarin na iya watsewa. Injiniya ba ya cewa ranar kaza abu zai mutu. Cewa yake yi, bisa abin da na auna, daga wata kaza haɗarin ya yi yawan da bai kamata a jingina ran mutum a kansa ba.

Ran mutum ɗin shi ya sa na rubuta wannan. Ni ina da maƙwabci mai firji da janareto, ina da mota, ina da kuɗin gyara. A 'yan shekarun nan sola ta bazu a ƙananan asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse da makarantu, kuma kusan kowacce tana da akwatin da ke ɗauke da irin waɗannan gwangwanaye, an kulle shi a ɗaki marar taga saboda tsoron ɓarayi. Ana bikin buɗewa, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu ko uku abin ya tsaya, a ce kayan banza aka kawo, a rufe ɗakin. Wani lokacin kayan banzan ne da gaske. Sau da yawa kuwa abin da ya mutu bai kai kuɗin man da nake sha a mako guda ba. A sashenmu ma akwai ɗakin da muka tara na'urorin awo masu tsada da suka daina aiki. Da muka buɗe goma sha biyu ni da ɗalibai a zangon da ya wuce, bakwai sun tashi da sauya kafasitocin ɓangaren wutarsu kawai.

Ga mai gida, abin yi ba shi da wuya. A fitar da inbata da sitabilaiza daga ɗakin da ba ya shan iska, kada a jingina su da bango ko a ɗora musu kaya, a sa mai gyara ya hure ƙura bayan kowane hunturu. Idan za a sauya kafasita a nemi na 105 mai awoyi masu yawa, domin na 85 mai awa 2,000 a zafin digiri 65 ba zai cika shekara guda yana aiki dare da rana ba. A kula da alamu: gunji a sifika, na'urar da ba ta tashi sai an kunna sau biyu ko uku, allon da ke rawa. Fankar sama da ta koma juyawa kamar mai jin barci ita ma galibi kwandansarta ce ta gaji, ko da yake irin nata ba mai ruwa ba ne. Kada kuma wanda bai iya ba ya buɗe akwatin da kansa, domin babban kafasita na riƙe cajin da zai iya kashe mutum ko bayan an cire wuta. Ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayen kaya da kuɗin jama'a, ya kamata takardar kwangila ta tambayi zafin da aka ƙera na'urar don ta jure, ta kuma tanadi kuɗin awo da sauyi a shekara ta uku, kafin a kai ga makoki.

Mu malaman jami'a namu laifin ya fi girma. Muna koyar da alƙaluman da aka tattara a ƙasashen da ɗaki mai digiri 25 shi ne abin da aka saba, alhali ba mu da rubutaccen tarihin yadda kaya ke mutuwa a Sakkwato ko Maiduguri. Baba ya san irin da ke wuce bazara biyu da irin da ba ya wucewa, amma iliminsa a kansa yake, ba a takarda ba. Mu muna da lissafin, ba mu da gawarwakin. Tun daga bara na sa ɗalibai biyu suna zuwa rumfarsa duk ranar Asabar da littafi da mita, suna karɓar matattun da ya cire, suna rubuta daga wace na'ura suka fito, shekararta nawa, a wane irin ɗaki ta zauna. Da farko ya ɗauka wasa ne. Yanzu yana ware musu su a gwangwanin madara, har yana gyara musu rubutu.

Inbatar tana baranda yanzu, cikin kejin ƙarfe, inda iska ke ratsawa. Zafin jikin kafasitocin ya sauka da digiri 12, wanda bisa ƙa'idar ya ninka rayuwarsu har da ɗoriya. Na liƙa takarda a murfin na rubuta ranar da aka sauya su da ranar da zan sake aunawa. Randar Hajiya kuwa tana nan inda take. Na ba ta labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya kayan lambu ba tare da wuta ba. Ta ce ita a wajen kakarta ta gani. Har yau, duk da firjin yana aiki, kowace safiya sai ta sa an zuba wa yashin nan ruwa, ni kuma ban taɓa ce mata ta daina ba.